LIKITAN DA ZAI ZAUNA A BENA

Yadda ake horar da likitan karkara, da abin da ƙungiyoyin manoma za su iya yi

Duk inda manoma suka taru a ƙasar Zuru, ko a Bena, ko Wasagu, ko Ribah, in an gama zancen taki da farashin masara, zancen asibiti yakan biyo baya. Kukan kuwa iri ɗaya ne. A kawo likita, ya yi shekara guda, an fara sabawa da shi, sai a ji ya tafi. Wani lokaci kuma likitan yana nan, amma ciwon ya fi ƙarfin abin da ya koya, ko kuwa babu kayan aiki, sai ya rubuta takarda ya ce a wuce gaba. Gaban nan kuwa tafiya ce ta sa'o'i, zuwa Zuru, ko Sakkwato, ko Birnin Kebbi. Macen da jini ya ɓalle mata bayan haihuwa ba ta da waɗannan sa'o'i.

Mutane da yawa suna tsammani maganin wannan abu duka yana hannun Gwamnati. Gaskiya ne Gwamnati ce take ɗaukar likita, ita take biyansa. Amma an gwada waɗansu hanyoyi a Jihar Kebbi, da Jamhuriyar Nijar, da waɗansu wurare, an kuwa ga amfaninsu, cikinsu har da abin da jama'ar ƙauye suka yi da hannunsu. Bari mu dube su ɗaya ɗaya, domin ƙungiyarku ta san inda za ta sa hannu.

YADDA AKE ZAMA LIKITA

Yaron da yake so ya zama likita a Nijeriya, sai ya ci jarrabawar gama sakandare da kyau a Turanci, da lissafi, da fiziks, da kemistiri, da bayoloji. Sa'an nan ya yi shekara 6 a jami'a. In ya gama, sai ya yi shekara guda yana aiki a ƙarƙashin manyan likitoci a babban asibiti, kana ya yi shekara guda ta bautar ƙasa, wadda aka fara tun 1973. Jimla shekara 8 ke nan, in yajin aiki bai ƙara masa ba.

A dā nesa ake zuwa neman wannan ilimi. Dokta Barau Dikko na Wusasa, likita na farko ɗan Arewa, sai da ya je Ingila. A 1967 aka buɗe makarantar likitoci a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Daga baya Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ta buɗe tata, yanzu kuma jami'o'in Aleiro da Birnin Kebbi suna da sashen koyon aikin lafiya. Makaranta dai ta matso kusa.

To, me ya hana likitan matsowa? Ku lura da inda ya yi shekarun nan takwas. Kusan dukansu a birni ya yi su, cikin asibiti mai wuta da ruwa da ɗakin gwaji, inda kowane ciwo yake da nasa babban likita. Ran da aka turo shi ƙauye, yawanci a shekarar bautar ƙasa, sai ya tarar shi kaɗai ne. Ba wanda zai tambaya. Abokansa kuwa suna can birni suna karatun ƙwarewa, wanda yakan ci shekara 4 zuwa 6, kuma a manyan asibitoci ake yinsa. Duk shekarar da ya ƙara a ƙauye, gani yake an bar shi a baya. Ga kuma ƙasashen waje, irin su Ingila da Saudiyya, suna kiransa da albashi mai tsoka. Ba lalle mugun hali ne yake sa shi tafiya ba. Hanyar ci gabansa ce aka shimfiɗa ta nufi birni.

ABIN DA LIKITAN KARKARA ZAI IYA

Aikin likitan karkara ya fi na birni faɗi. Ga kaɗan daga abin da zai tarar a wuri kamar Bena.

Na fari, haihuwa. Tsakanin 1976 da 1979 Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa suka bi labarin haihuwa 22,774 a asibitin Zariya. Suka ga matan da suka fi mutuwa su ne waɗanda ba su je awon ciki ba, aka kawo su bayan abu ya ɓaci. Abin da yake kashe su sananne ne: zubar jini, da jijjiga, da doguwar naƙuda, da zazzaɓin bayan haihuwa. Likitan da zai tsaya musu dole ya iya fiɗa ya ciro jariri, ya iya allurar baya mai kashe zafi, ya iya ƙarin jini ba tare da kuskure ba.

Na biyu, tiyata. Ƙabar da ta shaƙe, da hanjin da zazzaɓin taifot ya huda, da karaya, da rauni na hatsarin babur ko na harbi, ba sa jiran a kai birni.

Na uku, saran maciji, wanda ciwon manomi ne tun asali. Kububuwa takan hana jinin mutum daskarewa, ya yi ta zuba ta dasashi da ta cikin jiki. Likitocin Zariya, cikinsu har da Dokta David Warrell, sun nuna wata hanya mai sauƙi ta gane wannan a shekarun 1970. A ɗebi jinin wanda aka sara a zuba cikin ƙaramar kwalba mai tsabta busasshiya, a ajiye minti 20. In bai daskare ba, dafi ya shiga, sai a ba da allurar kashe dafi. Gwajin ba ya bukatar wuta ko inji. Amma sai wanda aka koya wa zai yi shi, ya kuma san wace allura ce take aiki a kan macizan ƙasarmu, gama akwai waɗanda aka yi domin macizan Indiya, ba su da amfani sosai a kan kububuwarmu.

Na huɗu, ciwon da bai taɓa gani ba. A 2010 yara suka yi ta suma suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, maƙwabtanmu. Da fari an ba su maganin zazzaɓin cizon sauro, bai yi ba. Sai da likitocin sa kai na ƙungiyar MSF suka lura ana niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje, aka gwada jinin yaran, aka tarar gubar dalma ce. Yara wajen 400 suka rasu. Tun da ana haƙar zinariya a wannan yanki namu, ya kamata kowane likita da aka turo nan ya san wannan labari.

Ba wanda zai fito jami'a ya iya waɗannan duka. Shi ya sa Hukumar Likitoci ta Ƙasa ta sa doka, kowace shekara sai likita ya nuna ya ƙara ilimi kafin a sabunta masa lasin. Amma yawancin tarurrukan ƙarin ilimin a birane ake yinsu. Likitan da yake shi kaɗai kuwa, in ya tafi, wa zai bar wa asibiti?

ABIN DA AKA GWADA A BIRNIN KEBBI

An taɓa juya abin, aka kai malamin wurin ɗalibi. A farkon shekarun 1990, lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi daga Jihar Sakkwato a 1991, wata ƙungiyar masu bincike ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta duba dalilin mutuwar mata a babban asibitin Birnin Kebbi. Sai aka shirya manyan likitocin mata su riƙa zuwa asibitin bi da bi. Suna duba marasa lafiya, suna kuma koya wa likitocin da ke wurin aiki hannu da hannu. Aka horar da ungozomomi su gane alamun hatsari da wuri. Aka tanadi akwatin magunguna na gaggawa, domin kada a tsaya jiran dangi su sayo.

Ga abin da ya fito. A 1990, cikin mata 100 da aka kawo da babbar matsalar haihuwa, 22 suke mutuwa. A 1995 abin ya sauko zuwa 5. Ba sabon asibiti aka gina ba. Mutanen da suke nan ne aka ƙara musu sani, aka sa kaya kusa da hannunsu.

Ƙungiyar ba ta tsaya a asibiti ba. Ta zauna da ƙungiyar direbobi, aka koya wa direbobi yadda za su ɗauki mai naƙuda, aka kafa asusun sayen mai domin kada rashin kuɗi a daren ya hana tafiya. Dalilinsu shi ne, jinkiri uku suke kashe mace: jinkirin yanke shawara a gida, da jinkirin hanya, da jinkiri a cikin asibiti. Likita na ukun kaɗai yake iya gyarawa. Biyun farko a hannunmu suke.

NIJAR, GALMI DA ERUWA

Jamhuriyar Nijar ta fi mu ƙarancin likitocin tiyata. A 2005 Ma'aikatar Lafiya ta ƙasar tare da jami'ar Yamai suka fara ɗaukar likitoci waɗanda ba su yi karatun ƙwarewa ba, suna ba su horon wata 12 a kan tiyatar da aka fi bukata a karkara, sa'an nan a mai da su asibitocin gunduma, manyan likitoci suna zagawa suna duba aikinsu. Da aka auna abin a Jihar Dosso, wadda take iyaka da Kebbi, aka ga ana yin fiɗar haihuwa da aikin ƙaba a gunduma, masu tafiya babban asibiti kuma suka ragu. Ba su jira sai sun sami ƙwararre a kowane gari ba.

A Galmi kuma, tsakanin Birnin Ƙonni da Madawa, akwai asibitin mishan da aka buɗe a 1950. Daga 2012 aka fara horar da likitocin tiyata a wurin, horo na shekara 5. Galmi ƙauye ne. Wanda ya koyi tiyata a can ya koye ta a kan irin cututtukan da manomi yake kawowa, da irin kayan da ake iya samu a karkara.

A kudu, a garin Eruwa na Jihar Oyo, an yi wani likita, Dokta Oluyombo Awojobi. Ya ƙware a tiyata a Ibadan, amma a 1983 ya koma Eruwa, a 1986 ya buɗe asibitinsa, ya zauna nan har rasuwarsa a 2015. Da jak na mota ya haɗa teburin tiyata mai hawa da sauka. Da wilin keke ya yi abin juya jini domin a auna yawansa. Ruwan da ake ƙara wa marasa lafiya, a asibitin ake yinsa. Ruwan sama yake tarawa domin aikin rani. Likitoci matasa suka riƙa zuwa suna zama wurinsa suna koyon tiyata, aka kuma kafa ƙungiyar masu aikin tiyata a karkara ta Nijeriya a 2008. Ya nuna likita yana iya zama a ƙauye ya yi suna har ƙasashen waje.

Akwai kuma fannin ƙwarewa da ya dace da karkara, watau likitan iyali. Bayan da aka kafa Kwalejin Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa a 1979, asibitocin mishan irin su Evangel na Jos da na Baptis a Ogbomosho suna cikin na farko da suka horar da irin wannan likita. Yakan koyi aikin yara, da na mata, da tiyata, da ciwon manya, duka gwargwado. In za ku roƙi Gwamnati likita, ku san sunan abin da kuke roƙo. Asibitin karkara ya fi bukatar likitan iyali da ya iya fiɗa, bisa ga ƙwararren da ya san gaɓa guda ta jiki.

LIKITA SHUGABA NE

Likita guda ba zai duba dukan mutanen Danko da Wasagu ba, ko da ba ya barci. Yawancin marasa lafiya hannun nas, da ungozoma, da malamin asibiti na ƙauye suke fara shiga. Saboda haka rabin aikin likitan karkara shugabanci ne, abin da ba a cika koyarwa a jami'a ba. Shi zai koya wa ma'aikatansa, ya zaga ƙananan asibitoci, ya lura da lissafin magani kada ya yanke, ya zauna da hakimi da dagatai da shugabannin addini. In mace ta mutu wajen haihuwa, shi zai tara ma'aikata a bi sawun abin da ya faru, domin a gyara, ba domin a kama mai laifi ba.

Tsofaffinmu suna tunawa da asibitin mishan na Tungan Magajiya, inda mutanen ƙasar Zuru suka daɗe suna zuwa. Likitocin wurin ba su da yawa. Abin da ya ba asibitin ƙarfi shi ne 'yan ƙasa da aka koya wa aiki. Har wa yau garin yana da makarantar horar da ma'aikatan lafiya.

A Garkida ta Jihar Adamawa an ƙara gaba. A 1974 aka fara shirin lafiyar karkara inda ƙauye yake kafa kwamiti, ya zaɓi namiji da mace daga cikin mutanensa, a tura su horon wata 3. Ba da allo da alli ake koya musu ba, da labarai da waƙa da wasan kwaikwayo ne, irin yadda za su koya wa mutanensu in sun koma. Ƙauye ne yake tanadar ɗakin magani, shi yake kula da ladan ma'aikatansa. Likitocin shirin, irin su Dokta David Hilton, suka mai da kansu malamai da masu zagayawa. Shekara 4 bayan haka, a 1978, ƙasashen duniya suka taru a Alma-Ata suka amince lafiya daga ƙauye take farawa. Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, shi ya dasa wannan tsari a Nijeriya, ya fara da ƙananan hukumomi 52 a 1986.

A 2014 Gwamnatin Tarayya ta yarda a koya wa malaman asibiti na ƙauye waɗansu ayyuka da a dā sai nas ko likita, musamman na haihuwa. Abin yana da kyau, amma sai da mai duba su. Malamin da aka ba aiki aka bar shi shekara da shekaru ba mai leƙa shi, hannunsa yakan karkace bai sani ba.

DA ƊAN GARI AKAN CI GARI

A 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tattara abin da ƙasashe suka gwada domin riƙe ma'aikatan lafiya a karkara, ta sake dubawa a 2021. Ta ce abu guda ba ya isa, sai an haɗa horo, da doka, da kuɗi, da kyautata zaman ma'aikaci. Amma abin da ya fi fitowa fili shi ne wannan: wanda ya tashi a karkara ya fi yarda ya koma karkara ya zauna. Ya san yaren, ya san abincin, iyayensa suna nan.

Ga misali daga Afirka ta Kudu. Asibitin Mosvold, a wani lungu da ake kira Ingwavuma, ya daɗe yana fama da rashin ma'aikata. A 1999 Dokta Andrew Ross da abokansa suka kafa asusu, suka fara da ɗalibai 4 'yan yankin. Sharaɗin shi ne yaro ya zama ɗan wurin, ya sami shiga jami'a da ƙoƙarinsa, jama'a su sa baki a zaɓensa, ya yi aiki a asibitin lokacin hutu, in ya gama kuma ya biya da aiki, shekara a bakin shekara. Kowane ɗalibi yana da mai bin sawun karatunsa. Asusun ya girma, yanzu sunansa Umthombo, ya fitar da ɗaruruwan ma'aikatan lafiya, da likitoci a cikinsu.

A nan Arewa ma an yi makamancin haka domin 'yan mata. Daga 2012 zuwa 2020, a jihohin Kano, Katsina, Jigawa, Zamfara da Yobe, ƙauyuka suka zaɓi 'ya'yansu mata, aka ba su shekarar share fage domin su cike abin da sakandare ta rage su, kana suka shiga makarantun nas da ungozoma da alkawarin za su koma gida su yi aiki.

Shekara 8 tana da tsawo, gaskiya ne. Amma a ƙasar da saurayi yakan yi golmo shekara 7 a gonar surukai kafin a ba shi mata, ba a koya wa mutane haƙurin jiran abu mai daraja.

MAGANAR TSARO

Ba za mu ɓoye ba, 'yan bindiga sun wahalar da wannan yanki. A watan Maris na 2022 an kashe 'yan sa kai fiye da 60 a rana guda a wajen Sakaba. Ƙauyuka sun watse, gonaki sun zama saura. Baƙon likita yana jin waɗannan labarai tun kafin ya taso, iyayensa kuma suna hana shi. Ƙungiyar manoma ba ta da ikon kawo ƙarshen wannan masifa. Amma tana iya sa likita ya sami gida a tsakiyar gari cikin mutane, a riƙa sanar da shi halin hanya kafin ya fita zagaye, kada kuma a yi ta yawo da labarin tafiyarsa. Wannan hali ya ƙara nuna bukatar likitan da ya iya tiyata a kusa, gama akwai daren da hanyar birni ba ta biyuwa.

ABIN DA ƘUNGIYARKU ZA TA IYA YI

1. Ku nemi iri. Ku je makarantun sakandare na yankinku ku tambayi malamai yaran da suka fi kai a kimiyya, maza da mata. Yawancin yaranmu tun a nan suke faɗuwa, saboda rashin malamin kemistiri ko kuɗin jarrabawa. Ƙungiyoyi biyu ko uku suna iya haɗa kai su biya malamin da zai yi musu darasi lokacin hutu.

2. Ku kafa asusun karatu. Da kaka kowane ɗan ƙungiya ya ba da abin da aka yarda, ko kwano ne ko tiya, a ajiye hatsin a sayar da bazara sa'ad da ya yi tsada. A buɗe masa littafi dabam, kada a gama shi da kuɗin taki. Ba lalle ku ɗauki dukan nauyin ba. Ku taimaki yaron ya nemi tallafin karatu na Jiha, ku kuwa ku cike abin da ya rage.

3. Ku rubuta yarjejeniya. A gaban iyaye da hakimi a rubuta shekarun da zai yi aiki a gida, da abin da zai mayar in ya fasa. A zaɓi yaro saboda ƙwazonsa, ba domin ɗan shugaban ƙungiya ne ba. Kada kuma a duba addininsa ko ƙabilarsa, gama asibiti na kowa ne. Ku nemi alkawarin Ma'aikatar Lafiya tun da wuri cewa nan za a turo shi.

4. Ku riƙe wanda kuke da shi. Ku leƙa gidan likita da na nas. Rufin yana yoyo? Akwai ruwa? Gayya guda ta isa ta gyara abin da zai sa mutum ya ƙara shekara. In an turo ɗan bautar ƙasa, a tarye shi, a nuna masa gari, a koya masa gaisuwa da yarenmu.

5. Ku bar shi ya je ƙarin ilimi. In likita ya tafi kwas na mako biyu, kada a ce ya gudu. Abin da za ku roƙa a Ma'aikatar Lafiya ta Jiha shi ne a turo mai riƙe masa, a sa likitoci biyu maimakon ɗaya, a kuma riƙa turo manyan likitoci bi da bi kamar yadda aka yi a Birnin Kebbi. Wayar hannu ma tana taimako. Likita yana iya ɗaukar hoton rauni ya aika wa malaminsa a Sakkwato ya sami amsa nan take, in akwai wutar cajin waya. Faifan sola guda ya isa wannan.

6. Ku shiga kwamitin raya mazaɓa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin lafiya a matakin farko, wani kaso kuma yana zuwa kai tsaye ga ƙananan asibitocin da aka zaɓa. Kwamitin mazaɓa yana da baki a kan yadda ake kashe shi. Ku tura wanda ya iya lissafi, ku tura mace kuma.

7. Ku shirya mota da jini. Ku yi magana da direbobin tasharku, a san wanda za a tasa da dare, a ajiye kuɗin mai. Matasan ƙungiya su je a gwada irin jininsu a rubuta sunayensu. Likita komai ƙwarewarsa ba ya iya ƙera jini.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙungiya guda ba za ta iya waɗannan duka ba, amma ƙungiyoyin Bena da Wasagu da Ribah da Zuru in sun haɗu za su iya fiye da yadda suke zato. Yaron da ke aji uku na babbar sakandare a bana, in an tsaya masa, zai iya zama likitanku kafin mangwaron da kuka dasa a daminar nan ya yi inuwar kirki.

TAMBAYOYI DOMIN TARONKU NA GABA

1. A cikin shekara 2 da suka wuce, mata nawa suka rasu wajen haihuwa a ƙauyenku? Wane jinkiri ne cikin ukun nan ya fi yawa?

2. Yara nawa daga ƙauyenku suke karatun kimiyya a sakandare? Kun san sunayensu?

3. In maciji ya sari ɗan ƙungiya a gona yau, ina za a kai shi, da wace mota, wa zai biya? Kun tambaya ko akwai allurar kashe dafi a wurin?

4. Yaushe rabon da wani daga ƙungiyarku ya je ya gai da ma'aikatan asibitinku, ba domin yana ciwo ba?

Sakataren ƙungiya ya rubuta amsoshin da kuka bayar, da abu guda da kuka yarda za ku fara kafin kaka, ya aiko mana. Za mu buga su domin sauran ƙungiyoyi su gani su ƙaru.